Bahijja Mai Ƙwallon Gora

A tashar Kazaure motar Roni ta ƙi cika. Bahijja na zaune a benci da ragar ƙwallaye a gabanta, sai dattijon da ke gefenta ya dube ta.

"'Yata, malamar wasanni ce ke?"

"Eh, Baba. 'Yan mata nake koya wa ƙwallon ƙafa."

"Kin taɓa bugawa da kanki?"

"Na buga, amma da ƙwallon gora na fara. Har ƙasar waje na je da rigar Najeriya."

"Ikon Allah! Wadda ake korawa da sanda mai lanƙwasa? To me ya raba ku?"

"Zuciya, Baba. Mu ci wasa mu dawo, ko mai shayin unguwarmu bai san mun tafi ba. 'Yan ƙwallon ƙafa kuwa kullum suna rediyo. Sai na koma can don a ji sunana a gida."

"An ji?"

"Sau ɗaya. Ranar da gwiwata ta goce aka ɗauke ni daga fili."

"Subhanallahi. Ai da kin koma wa sandarki."

"Na koma. Na tarar an ba wata gurbina. Ga gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, gora kuwa a duƙe ake yin ta."

Dattijon ya jinjina kai. "Amma dai kina jin daɗin koyarwar?"

"Alhamdu lillahi," in ji Bahijja, ta sunkuyar da kai. "Sai dai har yau, in ƙwallo ta gangaro wajena, hannuna ne ke fara motsi, ba ƙafata ba."