Tayar Gaba ta Motar Baba Sule

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta kasance tare da ku, 'yan'uwa a wannan zumunta. Ni ce Saratu, mai zama a bencin baya. Na rubuto shaidata a takarda, don idan na ɗaga kai na kalle ku, muryata za ta ɗauke.

Ubangiji ya cece ni daga hassada. Wadda na yi wa hassadar kuwa ƙawata ce, Rifkatu, kuma da izininta nake faɗa.

Bara makarantarmu ta tura mu biyu koyon aiki a wani kamfanin manyan motocin dakon siminti a Mando. Aikinmu shi ne duba kowace tirela kafin ta fita: birki, fitilu, tayoyi, abin kashe gobara, lasin direba. In komai ya cika, a sa hannu a takarda.

Ni na haddace dokokin nan kaf. Rifkatu kuwa direbobin ta haddace. Ta san wanda matarsa ta haihu, ta san wanda ƙafa ke damu. In ta shigo da safe, sai ka ji direbobi Katsinawa da Zamfarawa suna tsokanarta, wai Hajiya ta iso, yau mota ba za ta kwana ba. Ni sai su ce mini sannu, su wuce.

Da aka ce jami'an kiyaye haɗurra za su zo binciken kamfanin, Manaja ya ba Rifkatu sa hannu a takardun, kuma ita za ta yi musu bayani. Na taya ta murna da baki. A Keke Napep ɗin da ya kai ni gida Abakpa ranar, kuka na yi.

Daga nan na fara bin bayanta. Duk motar da ta duba, sai in sake dubawa a ɓoye.

Wata Laraba na samu abin da nake nema. Kowace taya tana da lamba a gefenta mai nuna shekarar da aka yi ta. A tirelar wani dattijon direba, Baba Sule, an juya gefen lambar tayar gaba zuwa ciki, an shafe ta da baƙi ta yi ƙyalli. Sai da na kwanta a ƙasa na leƙa. Tayar ta daɗe da wuce wa'adinta, har ta fara tsatstsagewa. Rifkatu kuwa ta riga ta sa hannu.

'Yan'uwa, daɗi na ji. Na rubuta lambar motar a littafina, da ta tayar, da ƙarfe nawa na gani. Na ƙudura sai jami'an sun zo ranar Litinin zan buɗe shi a gabansu. Na kuma san motar za ta tashi zuwa Kano a wannan Larabar, da cikakken lodi.

Da azahar na tarar da Baba Sule ya tsuguna yana alwala a inuwar wannan tayar. Ya ɗago kai.

"'Yata, an duba mini ita kuwa? Jikata ake wa suna jibi, so nake in dawo."

"An sa hannu, Baba," na ce.

Ban yi ƙarya ba, ko? Haka na riƙa gaya wa kaina har na zauna a bayan sito da abincina. Na rufe ido in yi addu'ar cin abinci, sai na kasa. Ban taɓa son mutumin nan ya mutu ba. Kawai dai ban sa shi a lissafina ba sam, Rifkatu kaɗai nake gani. Na ce, Yesu, dubi abin da na zama. Ka cire mini wannan abu, ni ban iya ba.

Ofishin Manaja ya fi kusa, kuma zuciyata can ta so zuwa, in kai ƙarar Rifkatu. Ubangiji ya juya ƙafata zuwa wurin Rifkatu. Na ja ta muka kwanta ƙarƙashin motar tare. Ta daɗe tana kallon lambar, sannan ta tambaye ni tun yaushe na gani. Na gaya mata gaskiya, har da maganar Litinin. Ta tashi da gudu ta tare ƙofar fita, ta soke sa hannunta, ta ce motar ba ta zuwa ko'ina. Baba Sule ya yi ta faɗa, amma aka canja tayar kafin la'asar.

Ranar Litinin Manaja ya yabi Rifkatu a gaban jami'an, ya ce ita ta tsayar da mota mai lodi. Ta ce a'a, Saratu ce ta gano. Ya waiga ya ce, "Wace Saratu?"

Abin ya yi mini zafi, ba zan ɓoye muku ba. Har yanzu yakan taso, in sake durƙusawa. Amma Baba Sule ya je Kano ya dawo, ya ɗauki jikarsa a hannunsa. Yabo ya tabbata ga Ubangiji!

In akwai laifin wani da kake ajiye da shi kana jiran ranar tonawa, ka dogara ga Yesu, ka je wurin mai laifin yau. Akwai wanda zai hau hanya da wannan shirun naka. Na gode wa Allah da bai bar ni na kai Litinin da shiruna ba. Amin.