Motar da Ba Ta Gajiya

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Malam Idi ne daga Dutse.

Zamanin da Turawa suka kawo motocin gyaɗa, wana, Yaya Sale, ya bar fataucin jakai ya koyi tuƙi. A da, gajiyar jaki ke sa shi ya da zango. Da ya samu mota sai ya ce, "Wannan ba ta gajiya." Inna ta ce, "Kai fa?" Ya yi dariya, ya jefa goro a baki.

Sawu uku ya yi Kano bai huta ba. A na huɗu, da rana tsaka, gyangyaɗi ya kwashe shi, ya daki bishiya. Allah ya jiƙansa.

Direbobi, ina gaishe ku. Don Allah ku riƙa tsayawa. Har Inna ta rasu, in ta ji ƙarar mota sai ta leƙa waje.