An Ware Mini Kwano a Wurin Ciyayya

Salamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni tela ne a Yakasai. Tun watan da soja suka miƙa mulki likita ya ce in riƙa motsa jiki, sai na fara hawa Goron Dutse da safe. Tumbi ya ragu, amma ko ina zaune kan keken ɗinki yunwa nake ji. Da magariba mukan yi ciyayya da maƙwabta a ƙofar gida. Jiya dattijonmu Baba Inuwa ya turo mini kwano ni kaɗai, ya ce, "Malam Sani, ga naka, bar mana namu." Ba wanda ya yi dariya. In daina hawan dutsen ne, ko in riƙa ci kafin in fito? Ina gaida abokan ciyayyata, in za su amsa.