Dillalin da na raɗa wa sirrina

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da aiki. Ni ce Hajara, ma'aikaciyar jinya daga Germantown a Amurka.

Mun gaji da haya ni da maigidana, sai wani gida a Greenbelt ya kwanta mana a rai. Na yi irin ta Kano, inda dillali na kowa ne: na ja wanda ya zagaya da mu gefe, na raɗa masa iyakar abin da za mu iya biya, na ce ya lallaɓa mana mai gidan. Washegari mai gida ya kafe a daidai nan, ko sisi ya ƙi ragewa! Ashe dillalin nasa ne, ni na kai musu sirrina da bakina.

Muka haƙura da gidan. Maman Rifkatu, 'yar Jos da muke aiki tare, ta ce, "Hajara, a nan mai saye ma yana da nasa dillalin." Muka samu wata dillaliya, muka sa hannu cewa mu kaɗai take wa aiki, la'adarta kuma daga mai sayarwa za ta fito. Ita ta sa aka gano rufin wani gidan da muke shirin saye yana yoyo, ta matsa aka gyara, aka kuma rage mana farashi.

Malam, daga falon wannan gida nake rubuto maka, makulli yana jakata! A gaishe min da Maman Rifkatu. 'Yan'uwa kuma, kafin ku buɗe baki, ku fara tambayar dillali: wa kake wa aiki?