Birai Sun Mai Da Ni Kanti, Amma Kada a Kori Iya

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, wanda ya ce in taƙaita bayan shi ya cinye rabin yamma. Wakilin mai gidan nan, wanda ba mu cika ganin fuskarsa ba sai ranar da za a kori wani. Likitan dabbobi da aka gayyato, wanda tun ɗazu hankalinsa na kan taga. Iyayenmu mata, 'yan'uwana mazauna wannan bene, na sama da na ƙasa, ina gaishe ku baki ɗaya.

Na gode da aka ba ni dama. An ce in yi magana ne saboda duk gidan nan ni birai suka fi cuta. Gaskiya ne, kuma shi ne muƙami na farko da na samu tun da na baro ƙasarmu.

Abin da ya tara mu ɗaya ne: za a ɗaga hannu a kan Iya ta hawa na uku, ko a bar ta a ɗakinta, ko ta kwashe kayanta saboda tana ciyar da birai. Kafin hannu ya tashi, a saurari wanda aka yi wa ɓarna.

Na farko, yadda abin ya faro. Da birai suka fara fitowa daga kurmin bayan layi suna tona mana bola, kwamiti ya zauna, ya sha shayi, ya yanke cewa a kafa mutum-mutumi a bakin ƙofa. Tela ya cusa masa tsumma, aka nemi riga, aka zo wurina. Na ba da tsohuwar rigar aikina ruwan goro, irin wadda nake sawa kullum in tuƙa bas. Tela bai tsaya nan ba, sai da ya ɗinka masa gashin baki irin nawa, wai don ya yi kwarjini. Birai sun ji tsoronsa, ban musa ba, daga azahar zuwa la'asar.

Iya kuwa ƙafa ba ta kai ta bakin kurmi ta ba birai abinci. Ta sauko ta ga mutum a tsaye, mai haƙuri, mai zurfin aljihu, sai ta riƙa cika masa aljihun da ayaba da gyaɗa da ɓawon burodi. Na ce, "Iya, duk duniya sai aljihunsa?" Ta ce, "Ɗan nan, ai ya fi kwano. Kwano tafiya suke da shi."

Na biyu, abin da ya biyo baya. Jama'a, biri ba ya bambanta ni da ɗan tsumma. Riga ɗaya, gashin baki ɗaya, gajiya ɗaya. Na ƙetare iyakoki kafin in iso garin nan, an bincike ni a tsaye, an bincike ni a zaune, an sa na cire takalmi a gaban mata, amma ban taɓa ganin bincike irin na babban birin nan mai yagaggen kunne ba, wanda yara ke kira Sufeto. Kowace safiya ina fitowa zai hau kafaɗata, ya zura hannu aljihun dama, mataimakinsa ya kama na hagu. In bai samu komai ba, sai ya dube ni irin kallon da surukina ya yi mini ranar da na fara zuwa gaishe shi.

Likita ya ba da shawara, Allah Ya saka masa: kada ka gudu, kada ka yi ihu, ka tsaya cik ka ware hannuwa. Na bi. To likita, don Allah, mutumin da ya tsaya cik ya ware hannuwa cikin riga ruwan goro, da wa ya yi kama?

Ran nan Sufeto ya hau bishiya da makullina. Na isa aiki a makare, na ce wa oga biri ne ya tsare ni. Sai ya matso yana shinshinar bakina. Matata ta bugo waya daga gida ana tsakiyar bincike, ta ce, "Maigida, su wa ke ihu a bayanka?" Na ce abokan aiki ne. Har yau tana yi mini addu'ar samun wani wurin.

Na uku, adalci. Ciyar da naman daji a cikin unguwa kuskure ne. Biri yana cizo, akwai yara a gidan nan, kuma dabbar da ta saba da hannun mutum ba ta komawa neman nata. Iya ta yi laifi, ina faɗa ga ta nan zaune. Amma wa ke barin murfin bola a buɗe? Wa ke watso ɓawon mangwaro ta bayan shagon aski? Wa ke jefo biskit daga taga don ta ɗauki hoton Sufeto a kaina? Ba zan kama suna ba, amma tana gyara shuɗin mayafinta.

Iya kuwa ɗanta ne ya kawo ta nan, aiki ya kai shi wani gari. Na tambaye ta me ya haɗa ta da birai. Ta ce, "Ranar da ban fito ba, su kaɗai ke sani. Har taga suke zuwa su leƙa." Nawa ɗakin ma ba wanda ke leƙawa, na san yadda abin yake.

Saboda haka ga roƙona. A tumɓuke mutum-mutumin nan yau. A sa wa bola murfi mai nauyi. Iya ta daina, kuma ta yi mini alkawari. Mu kuma kowace ƙofa ta ɗauki rana ta hau ta ƙwanƙwasa mata. Ni na ɗauki ranar hutuna. Wanda duk da haka ya ga sai an kore ta, hannunsa ne, ya ɗaga. Amma ya sani shi zai sauko mata da akwati tun daga hawa na uku, tana biye da shi tana sa masa albarka, don haka take.

Allah Ya ba shugabanmu gajeren jawabi. Allah Ya ba Iya lafiyar ƙafa da yawan baƙi. Allah Ya wadata birai da 'ya'yan itace a can cikin kurmi. Allah Ya mai da kowane baƙo gida lafiya, Ya tashe mu daga taron nan ba mu rage ko mutum ɗaya ba.

Na gode.