Darbejiyar da Na Sare

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Da hannuna na rubuto, albarkacin ajin yamma da na shiga da furfura.

Allah ya ba ni jikan fari, alhamdulillahi! Tun 'yata Hadiza tana da ciki na so gina mata ɗakin wankan jego, ga gidan ƙarami. Magini ya ce, "Baba, ko ɗaki ko darbejiya." Marigayiya uwarta ce ta dasa bishiyar. Na zaɓi ɗaki, har da tayil daga Sabon Gari.

Hadiza na shigowa ta tsaya cak. "Baba, da ganyenta fa Inna ta ce za a min wanka."

Yanzu ganyen maƙwabta muke roƙo, ɗakin kuma ta ƙi kwana ciki. Jama'a, da wane baki zan ba ta haƙuri?

Naku, Malam Sule, Fagge.