Gangar Nichifor Mai Ƙishirwa

PROFIRA: Alo? Yaya Trifan, ina wuni?

TRIFAN: Profira! Lafiya lau. Ya sanyi? Ya mijin naki?

PROFIRA: Lafiya. Ya ƙafar? Ya su Zinovia da jikoki?

TRIFAN: Suna nan sun cika ni da ihu. Ke, muryarki fa ba daidai take ba.

PROFIRA: Yaya, Nichifor ya koma sha.

TRIFAN: Kai! Mutumin da likita ya ce hantarsa ta gaji? Wanda ya rantse gaban fada a coci?

PROFIRA: Shi fa. Kullum sai ya sulale ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa da moɗa a hannu. Yau na leƙa, babbar kwalbar giyar nan ta ajiya saura kaɗan ta ƙare.

TRIFAN: Kin ji wari a bakinsa?

PROFIRA: Mutumin da ke cin tafarnuwa kamar tuwon masara? Wa zai ji?

TRIFAN: Tsaya. Ba bana ya zuba giyar inabin a sabuwar gangar itacen ok ba?

PROFIRA: Ita. Na san itace na ɗan tsotsa, amma kwalba guda?

TRIFAN: Sabuwa ai maƙoshi gare ta kamar kawu Gavril a gidan biki. In ba a riƙa cika ta ba iska ta shiga, sai tsami. Sauka ƙasan yanzu.

PROFIRA: In yi me?

TRIFAN: Ki zare toshin saman gangar, ki sa yatsa. In sha yake, ba zai yi asarar giya a cikin itace ba, za ki ji wayam. In kuwa... alo? Profira?

PROFIRA: ...ba na ji... duhu... wayyo gwiwata!

TRIFAN: Kar ki karye mini a can! Kin zare?

PROFIRA: Ya ƙi fita... yauwa. Yaya!

TRIFAN: Na'am? Yi magana mana!

PROFIRA: Cike take taf! Ko gaɓa ɗaya ban zura ba na jiƙe. Har ta malalo mini a siket.

TRIFAN: To kin gani! Ganga yake shayarwa, ba kansa ba.

PROFIRA: Allah na gode maka. Bari in zauna. Wallahi na riga na fara ganinsa cikin akwatin gawa.

TRIFAN: Kuka kike? Haba ƙanwata.

PROFIRA: To me ya hana shi faɗa mini, shi wannan gunkin?

TRIFAN: Ke kin tambaye shi?

PROFIRA: Tambaya? Da safe na ce masa maƙaryaci a gaban maƙwabta. Sai ya ɗau almakashinsa ya tafi gonar inabi.

TRIFAN: Tabɗi! Sai ki mayar da toshin da kyau, kar ki tsamar masa da giya ki haɗa laifi biyu.

PROFIRA: Na mayar. Yaya, ga ƙarar ƙofa, ya dawo! Kuma akwatina na kan gado, na gama haɗa kaya, gidanka zan taho!

TRIFAN: Gidana? Wa ya ce ina da wuri? Ruga ki kwance...

PROFIRA: Nichifor! Kar ka shiga ɗaki! Zo kicin, yunwa kake ji!